Ɗakin Faya-fayan Kawu

Ranar da muka yi zaman makokin Kawu, yayan mahaifiyata, kowa da irin mutumin da ya zo yi wa ta'aziyya. Ina tsakar gidansa a unguwar Manshiya tare da mata, ina jiyo maza ta tagar da ke kallon titi, inda aka shimfiɗa musu tabarmi.

Masu gareji suna cewa an rasa mai gyara, wai duk garin nan na Sabha babu wanda zai buɗe rediyo ya gane ciwonta da ido kamar shi. Wani dattijo da suka ƙetaro sahara tare tun suna samari ya yi gyaran murya ya ce, "Mutumin kirki ne, sai dai kiɗan nan. Allah ya yafe masa." Aka amsa da amin, wasu da ƙarfi, wasu ciki-ciki. Can gefe kuwa wasu magidanta biyar suka ƙi zama a tabarma, suka jingina da bango. Ɗayansu, ƙaton mutum direban babbar mota, yana kuka har kafaɗunsa na rawa. Dattijon ya ce masa, "Haba, kai da ba ɗansa ba, yi haƙuri mana." Ya ce, "Baba, ba ka sani ba ne."

Matar Kawu, wadda muke kira Inna, tana zaune a bakin ƙofar ƙaramin ɗaki. Duk wadda ta durƙusa ta ce mata ya haƙuri, sai ta ce da godiya, ba ta ɗaga kai ba. Sau ɗaya kawai ta ja zanena ta ce, "Kar ki bari a buɗe tagar ɗakin nan. Rana za ta shiga."

A nan na ga cewa idan aka naɗe tabarmin nan, kowa zai tafi da guntun Kawu a aljihunsa, babu mai haɗa su. Allah bai ba su haihuwa ba. Ni ce jininsa kaɗai a garin nan, aure ya kawo ni na same shi, kuma sunan mahaifiyarsa gare ni, shi ya sa bai taɓa kirana da komai ba sai Uwata. Abin da na sani nake rubutawa, kuma na san bai kai ba.

Da wani kamfanin gine-gine ya fara aiki, yana riƙe musu igiyar awo. A hankali ya zama shi ne mai tsara ranaku: yaushe yashi zai iso, yaushe za a zuba siminti, wa zai jira wa. Kamfanin ya tattara ya tafi, Kawu ya buɗe rumfar gyaran kayan lantarki, amma wannan tsarin bai sake shi ba har ya koma ga Allah. A zaurensa akwai wani allon katako da ya raba gida uku: Za a yi, Ana yi, An gama. Komai sai ya rubuta a guntuwar takarda ya soke da ƙusa. Gyaran famfo takarda ce, sunan 'yata ta fari takardu goma sha wani abu ne, har da wadda aka rubuta wa zai sayo gawayi. Idan ka zo masa da magana, tambayarsa biyu ce: "Wa zai yi? Ranar yaushe?" In ka ce za mu yi, sai ya cire tabarau ya dube ka ya ce, "Za mu ba sunan mutum ba ne."

Da ya sami kwamfuta ya gano ashe abin nan ilimi ne, har makarantarsa ake yi, har manhajoji gare shi. Murna kamar an ba shi sarauta. Ya yi watanni yana karantawa, yana kiran maigidana ya nuna masa yadda zai tsara motocin garejinsa. Daga baya ya dawo kan allonsa. Ya ce takarda ba ta jiran a kawo wuta.

Ƙaramin ɗakin kuwa na faya-fayai ne, irin na garmaho, baƙaƙe masu faɗin tire. Wasu ya saye su a hannun baƙin ma'aikata masu barin ƙasa, wasu ya tsinto a shagunan da ake kwashewa. Waɗanda ya fi ji da su na Hausa ne, waɗanda matafiya suka riƙa kawo masa daga gida cikin tsumma, rabinsu sukan iso a lanƙwashe saboda zafin hanya. A tsaye yake jera su, ba a kwantar masa da faifai. Da ruwan batir da ƙyalle mai laushi yake wanke su. Akwatin ƙara sautin ma shi ya haɗa abinsa, da wayoyin da ya ciro daga matattun rediyoyi. In zai ɗora allura sai ya ɗauke numfashi. Da ƙas-ƙas ɗin farko ya fara sai ya ɗaga yatsa, wato kowa ya yi shiru.

Na taɓa ce masa, "Kawu, ai duk waƙoƙin nan ana samu a waya."

Ya ce, "Nemo mini wannan."

Na nema, babu. Ya ɗora wani, shi ma babu. Ya ce, "Uwata, mutanen nan sun mutu, masu buga faifan sun mutu. Wataƙila muryar wani a ɗakin nan kaɗai ta rage."

Dokarsa ce ba ya juya faifai sau biyu a rana ɗaya, don kowane juyi allura tana cin wani abu. Sau ɗaya na ga ya karya ta. Akwai wata tsohuwa maƙwabciyarsu, 'yar ƙasa ce haifaffiyar yankin nan na Fezzan, amma an ce kakarta daga ƙasar Hausa aka zo da ita. Wata rana da hantsi ya sa wata waƙar daka ta mata, sai ga tsohuwar ta shigo ba sallama, tana dogara sanda. Ta tsaya a bakin ƙofa ta ce da 'yar Hausarta, "Wannan, kaka nawa yi wannan." Kawu ya miƙe ya ba ta kujerarsa. Da waƙar ta ƙare ta ce, "Kuma." Ya mayar da allura. Tana bi, bakinta na fitar da kalmomin da ba ta san ma'anarsu ba, ta juyo gare ni tana tambaya da Larabci me ake cewa. Na fassara mata, ashe zancen surfen gero ne kawai da tsokanar wata maƙwabciya. Ta yi dariya har da hawaye. Har aka kira azahar tana cewa kuma, yana mayarwa. Bayan ta tafi ya ɗaga faifan a haske ya daɗe yana dubansa, ya mayar cikin rigarsa.

Wasan gem kuwa tsautsayi ne ya haɗa su. Wani ya kawo na'urar gem gyara bai dawo karɓa ba. Kawu ya jona ta da talabijin don ya gwada, daga gwaji sai ga shi an kira la'asar yana tsere da mota. Ya fi son wanda ake gina gari, a ja titi, a kai ruwa, a kafa asibiti. Yakan yi faɗa da mutanen cikin allon kamar suna jinsa. Inna ta ce, "Tsoho da furfura, kana latse-latse kamar wanda aljanu suka taɓa." Ya ce, "Ki bar ni, a nan ne kaɗai nake ba da umarni a bi."

Mutane sun yi ta yi da shi a kan haka. Amma magidantan nan biyar da suka jingina da bango sun san abin da ya faru a kwanakin da faɗa ya ɓarke a gari, lokacin suna samari majiya ƙarfi. An rufe kasuwa, ana jin harbi da rana tsaka, su kuwa zaman gida ya gagare su, wannan yana son ya leƙa, wancan abokai na kiransa. Kawu ya bi gidajensu ɗaya bayan ɗaya ya ce ya shirya gasar ƙwallo a gem, kuma duk wanda ya fita ya rasa gurbinsa. Su shida ne. Ya share allon zaure ya jera sunayensu, ya tsara wasannin yadda ba za su ƙare ba, kowa sai ya kara da kowa gida da waje, in an gama a sake zagaye. Man janaretan da ya ɓoye don faya-fayansa ya riƙa ƙonawa. Inna tana dafa musu taliya. Kwana tara yana tsare da su da ihu da gardamar an ci ba a ci ba.

Rana ta bakwai, na shidansu, ɗan wani mai shayi, ya ce zai je ya duba shagonsa ya dawo. Kawu ya riƙe masa riga ya ce, "Wasanka ne na gaba." Ya yi dariya ya ce, "Baba, minti goma, a riƙe mini hannun gem ɗina." Ya zame ya fita. Da la'asar aka kawo shi a bayan mota, an lulluɓe shi da bargo.

Kawu ya koma zaure ya ce da sauran biyar ɗin, "Wa ke da wasa?" Suka dube shi kamar ya zautu. Ya daka musu tsawa, abin da bai taɓa yi ba, ya ce, "Na ce wa ke da wasa!" Suka zauna suna latsawa suna kuka. Babu wanda ya sake fita. Tun daga nan ban ƙara ganin ya kunna wasan ƙwallo ba, ko da an roƙe shi.

Ba zan ce ba shi da laifi ba. Yana da taurin kai, kuma wani lokaci kayansa sukan rufe masa ido. Wata bazara da zafi ya kai inda ya kai, mukayyif ɗaya ne a gidan, wato na'urar sanyaya ɗaki, sai ya cire ta daga ɗakin Inna ya kafa a ɗakin faya-fayai. Ina wurin aka yi. Inna ta ce, "Malam, ni da baƙin farantan nan wa ya fi?" Maimakon ya ba ta haƙuri sai ya tsaya yi mata bayani, wai ita tana iya watsa ruwa ta ji sanyi, su kuwa in sun lanƙwashe shi ke nan. Ta dube shi, ta shiga ɗaki ta ɗaure kayanta, ta tafi gidan ƙaninta a unguwar Hajara.

Ya yi kwana uku yana cewa za ta dawo. Rana ta huɗu ya zo gidana ya zauna, ya kasa shan shayin da na ba shi. Ya ce, "Uwata, na duba lissafina, daidai yake." Na ce, "Kawu, to ka zauna da lissafin." Washegari ya mayar da mukayyif ɗakinta da hannunsa, ya je biko. Ta dawo.

Zafin shekarar ya cinye masa faya-fayai masu yawa, har da na waƙar dakan nan. Bai gaya mata ba. Ya zuba su a buhu ya tura ƙarƙashin gado. Sai bayan shekara biyu tana shara ta jawo buhun, ta ga sun yi kamar ganyen kabeji. Ta kira ni ta ce, "Me ya sa bai faɗa ba?" Tun ranar ita ce mai tsaron tagar ɗakin nan, ta ɗinka mata labule mai kauri biyu.

Wannan asarar ce ta sa ya ɗauko aikinsa na ƙarshe: zai kwafe duk faya-fayan cikin kwamfuta kafin zafi ya gama da su. Ba aikin gaggawa ba ne, dole kowane faifai ya juya daga farko har ƙarshe, ciki da bai, kuma in wuta ta ɗauke a tsakiya a sake. Ya rubuta wa kowanne takardarsa. Da na ce za mu taimaka, ya cire tabarau, na yi sauri na ce, "Ni, ranar Talata da Asabar, bayan azahar." Aikina rubuta abin da ke jikin faifan da goge shi. Allura kuwa ba a taɓa masa. Mun yi shekara da wani abu a haka, ba mu kai rabi ba.

Wata Asabar ya dawo daga sallar la'asar, ya sunkuya zai cire takalmi, sai ya yanke jiki ya faɗi. Ɓarin damansa ya shanye, magana ta tafi. A asibiti likita ya ce abin da za su iya sun yi, in da hali a kai shi Tarabulus, babban birnin ƙasar. Sai ga shi ikamarsa, takardar zaman ƙasa, ta daɗe da ƙarewa, fasfo ma haka. Mutumin da ya rubuta wa gawayi takarda bai rubuta wa kansa ba. Direban nan ya ce zai ɗauke shi, amma hanya doguwa ce, shingayen bincike ba iyaka, ga mara lafiya baƙo babu takarda, kuma likitan ya ce ba ya jin jikin zai ɗauki tafiyar.

Na koma zauren na tsaya gaban allon. Na yanki takardu na yi yadda ya koya mini. Sabunta ikama. Neman motar asibiti. Samo wanda zai tsaya mana a can. Na soke su a gidan Za a yi, na ɗauki biro zan rubuta wa zai yi da ranar yaushe. Maigidana ya yi yawon ofisoshi har takalminsa ya tsinke, kowa ya ce a dawo. Wanda ya san wani ya kira shi, wayar ba ta shiga. Sati uku ina zuwa ina duban takardun nan, ban iya matsar da ko ɗaya ba. Daga ƙarshe muka dawo da shi gida.

Ya yi wata biyu a kwance. Idonsa garau, yana gane kowa, amma in ya buɗe baki sai wani sauti ya fito wanda shi kansa yake jin kunyarsa. Wata Talata na shigo, ya riƙa nuna ƙaramin ɗakin da hannun hagu. Muka ɗauke shi ni da Inna muka zaunar a kujerarsa. Ya nuna faifan da ke kan layi. Na goge, na ɗora, na tsaya. Ya nuna allurar, ya nuna ni.

Na ce, "Kawu, ban iya ba."

Ya sake nunawa. Na kama 'yar sandar da ke ɗauke da allurar. Yana ta ƙoƙarin gaya mini wani abu, yana ɗaga yatsa yana saukewa, ashe akwai wani ɗan maɓalli a gefe da ke saukar da ita a hankali, ni ban taɓa lura ba. Na sake ta haka nan. Ta faɗi ta ja wani ƙiii a kan faifan, ta bar farin layi tun daga baki har tsakiya. Kawu ya runtse ido. Na durƙusa ina cewa ya yafe mini. Sai na ji hannunsa na hagu a kaina, yana bubbugawa a hankali, hawaye na bin gefen fuskarsa da ya mutu. Ban san ko na faifan yake yi ba, ko nawa, ko nasa. Bai sake neman a kai shi ɗakin ba.

Ranar wata Alhamis da safe Inna tana ba shi kunu a cokali, ya kau da kai, ya cika.

Bayan addu'ar bakwai magidantan nan suka zo suka kunna kwamfutar, don a raba wa mutane abin da ya kwafa. Ta nemi kalmar sirri. Muka gwada sunan Inna, sunana, sunan garinmu, sunan unguwa, babu. Wani mai gyara ya duba ya ce Kawu ya kulle ta kullewar da ba a fasawa, shi abin da zai iya kawai ya goge komai ta dawo sabuwa. Muka ce ya bari. Inna za ta koma gida in ta fita takaba, faya-fayan kuwa ba za su ƙetare sahara da rai ba. Ni ɗaki biyu gare ni a gidan haya, da yara huɗu. Kullum sai mun yi maganar, kullum sai mu tashi ba mu yanke komai ba.

Jiya na samu layi ya shiga na kira mahaifiyata. Rabonta da yayanta tun tana budurwa, ranar da ya hau mota ya ce shekara biyu zai yi. Sun sha yin waya, amma bai yarda da hoto ba, ita kuma idonta ya riga ya yi rauni. Muka yi gaisuwa, muka yi kuka. Can ta ce, "Ke, in tambaye ki. Yayan nawa ya yi furfura?"

Na ce, "Umma, fari fat, har gira."

Ta ce, "Ikon Allah. Har yanzu yana tafiyar nan tasa da sauri kamar ana korarsa?"

Na buɗe baki zan ce ai ya daɗe da dainawa, gwiwa ta hana shi tun kafin ciwon. Sai na ji yadda take jira.

Na ce, "Har ranar da ya faɗi, Umma. Ba mai iya cim masa."

Ta yi 'yar dariya ta ce, "Haka yake. Ko makaranta ba ya jirana." Daga nan layin ya yanke, na yi ta kira bai sake shiga ba.

Allah ka ji ƙan bawanka da ya kwanta nesa da gida, ka yalwata masa kabarinsa, ka sanyaya masa shi. Mu da muka kasa yi masa komai, ka yafe mana.